Soron Inna Tabawa

Jirgin ya bi ta bayan Miga da hantsi,
ƙarami kamar shirwa, ba matuƙi,
ya kwashe ƙauyenmu hoto bisa hoto.

A Dutse na zauna gaban na'ura.
An koya mata gida kusurwa huɗu ne,
mai miƙaƙƙen baki, da inuwa a gefe.
Rufin kwano ta cafke nan take,
ta zagaye da jan layi:
firamare, shagon Sagiru, masallaci.

Da ta iso soron Inna Tabawa sai ta wuce.
Ƙasa a sama, ƙasa a ƙasa,
ta ce fili ne.
Rumbu kuwa ta kira shi bishiya.

Fili? Nan aka binne cibiyata.

Na haɗa hotuna biyu, hagu da dama,
yadda ido biyu ke gane zurfin rijiya.
Soron ya taso, kamu shida.

Na bi katangar da hannuna
har lanƙwasar da Baba Ilu ya yi
don kada a sare kurna.
Na'ura ta karɓa, ba ta tambayi dalili ba.
Gobe za ta nemi irinsa a Jahun.