Gaiwa Ba Ta Mantuwa

Shekara goma sha uku jirgin Jatau na kife a bayan ɗaki,
kaji suka mai da shi akurki.
Ni Barmani, mai bandar kifi a Zina,
na koma sayar da itace, abin kunya a gidan masu ruwa.

Tun da aka toshe bakin rafi can sama
fadama ta tsage kamar diddigen manomi.
Rijiya ta yi ɗaci, gindin tulu ya cika da laka,
gudawa ta kusa kai jikana kushewa.
Gauraka ta yi ƙaura ba sallama,
Fulani suka kaɗa shanu kudu, wasu har yau ba dawowa.

Sai ga Falmata, 'yar Kotoko da ta yi karatu a Marwa,
da sandar awo da takalmin roba.
Muka yi mata dariya: yarinya, Logone ba a aikensa!
Ta ce, Iya, ba aikensa zan yi ba,
ƙofa zan buɗe, shi ya san hanyar zuwa.

Kwana arba'in maza na haƙa.
Ni na dafa musu ɗanwake, ba don na yarda ba,
don dai kar a ce na hana baiwa.

Ruwan ya zo da dare, ba ganga, ba tsawa,
ja wur, yana jan kara da kashin awaki.
Ya kwana cikin burgu, ya ratsa jema,
ciyawa ta tace shi kamar rariya.
Ran da na ɗebo a ƙwarya na ga zanen ƙasanta,
na sha, na zauna, na ƙara sha.

Bado ya buɗe ido. Zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya
kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba.
Sauro ma ya dawo, ɗan banza, da danginsa,
to, wa ya taɓa samun tarwaɗa ba ƙaya?

Da hantsi na ga taɓo yana motsi:
gaiwa ce ta fasa ɗakinta, tana miƙa.
Na ce, 'yar uwa, wa ya tashe ki?
Jatau ne bai jira ba.

Mun birkice jirgin, mun liƙe ɓarakarsa da kwalta.
Jikana ya riƙe filafilin kakansa a karkace.
Na bar shi. Ruwa zai koya masa tuƙawa.