Ƙusar da Muka Bari

Mu tara ne, mabuɗi ɗaya,
tsohon gidan wanki a bayan tashar jirgin Genova,
inda har yau bango ke zufa
kamar bai ji an daina tafasa ruwa ba.

Tecla ce ta zo da akwatin.
Shekara saba'in da takwas, gwiwa ɗaya ta ƙarfe,
ta dire shi a ƙasa ta ce:
"Ga abin da asu ya rage mana."

Takardun da aka murza a injin hannu,
tawadarsu ta koma launin jijiya.
Hoton wani maci, rabin fuskokin a bayan lema.
Kaset guda. Da mayafin teburi
mai tabon gindin kofi goma sha huɗu,
na daren da mata suka rufe ƙofar kicin
suka ce yau ba mai dafa komai,
yau kowacce za ta faɗi abin da ke cin ta.

Dare uku muka yi a kan mayafin nan.
Fiorenza na son gilashi,
ta yi karatun abin, ta san yadda haske ke cin zare.
Tecla ta ce, "Mun ci abinci a kansa,
ba gawa ba ne da za ku yi masa makara."
Ni ina kan tsani, guduma a hannu,
ƙusa uku a baki,
ba halin in sa baki.

Ba mu da shugaba. Haka muka gada.
Wanda ya ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya
bai ga hannu goma sha takwas
suna jan hoto ɗaya hagu da dama ba.
Ba ma ƙuri'a, ƙuri'a kan bar wata a waje.
Sai mu yi ta magana har taliya ta sandare,
har jirgin ƙarshe na Savona ya wuce,
har Ilde ta suri jakarta cikin fushi,
ta kai ƙofa, ta dawo,
don a motar Fiorenza za ta koma gida.

A dare na huɗu muka kunna kaset ɗin.
Murya kan murya, cokali na bugun kofi,
wata na dariya, wata na cewa "ku bari in ƙarasa,"
ba wadda ta bar ta.
Fiorenza ta zaro biro za ta rubuta sunaye.
Tecla ta kasa kunne, ta girgiza kai:
"Ban san wacce ce ni ba."
Kuma ba da baƙin ciki ta faɗa ba.

Can ƙarƙashin hayaniyar,
kukan jariri, da wata tana lallashi daga nesa.
Nives, da ba ta ce uffan ba tun Litinin,
ta ajiye igiyar awo.
"Kukan nan nawa ne. Muryar ta mahaifiyata ce.
A ƙasan bene take, da 'ya'yanku duka.
Ita ta wanke kofunan ma.
Ba ta taɓa hawowa ba. Ba wadda ta ce ta hawo."

Famfo na ɗiga a tsohon kwami.
Tecla ta duba hannayenta, ciki da bai.
"Sunanta?"
"Adelma."
Ta maimaita shi a hankali, kamar mai ɗanɗana gishiri.

Ba hoto, ba wasiƙa.
Me ake rataya wa wadda ba ta bar komai ba
sai kofuna masu tsabta?

Ranar buɗewa mayafin na kan teburi, ba gilashi.
Wani yaro ya ɗora masa kwalbar lemo,
Fiorenza ta runtse ido, ta ƙyale.
A ƙofa ba sunan kowa, sai lokacin buɗewa da na rufewa.
A bangon gabas, daidai kafaɗar Nives,
na buga ƙusa guda, ta ɗan karkace,
ba mu rataya komai ba.

Wani mutum mai gyale a wuya ya tambaye ni
ko aikin ne bai iso ba.
Na ce ya sauka ƙasa ya tambaya.
Nives na can tana zuba wa baƙi gahawa,
Tecla kuwa na bakin famfo,
hannun riga a naɗe har gwiwar hannu,
ta hana kowa ya karɓe ta.