Ƙaiƙayi

Ƙarfe uku na dare, filin jirgi, Katsina.
Fitila ɗaure a goshina, sifana a aljihu,
na durƙusa ƙarƙashin cikin jirgi
kamar mai tatsar saniyar da ba tasa ba.

Ni ba na tashi. Kofur Lurwanu, aikina ɗuri.
Wasu na rataya rokoki a hammatar fiffike,
bakwai hagu, bakwai dama,
wasu na jan ɗamarar harsashi mai tsawon igiyar guga.
Nawa kason ƙarami ne, can wajen wutsiya:
akwati mai ramuka talatin, kamar saƙar zuma,
rabi wutar yaudara, rabi ƙaiƙayi.

Haka muke kiran sa, ƙaiƙayi.
Zaren gilashi ne da aka shafe da sanholo,
gashin jariri ya fi shi kauri.
In idon na'urar maƙiyi ya kafe jirgi
sai matuƙi ya danna, ya watsa shi a iska,
jirgi ɗaya ya koma ɗari a allonsu.
Wutar kuwa ta makami mai bin zafi ce.
Shi ba ya gani, sansana yake yi.
A jefa masa garwashin da ya fi inji ƙuna,
ya bi, kamar kare ya bi ƙashi
ya bar mai nama ya wuce.

Rairayin jiya ya cika ramukan.
Da tsohon buroshin haƙori nake bi, ɗaya bayan ɗaya,
don ƙwaya guda kan hana wuta kamawa,
kuma a sama ba a cewa "dakata in hura".

A Sandamu, bayan dangarmu,
Inna Dela kan ɗaga ƙwarya sama da kanta,
ta tsaya sai ta ji inda iska ta sa gaba.
Tsaba ta sauka, ƙaiƙayi ya tafi.
Inna, da za ki gani.
Abin da kike zubarwa, a nan da shi ake fansar rai.

Mujittafa ya iso, hular ƙarfe a hannu,
ya bubbuga wutsiya sau biyu kamar mai sallama.
"Kofur, ƙaryar taka ta cika?"
"Talatin cif, yallaɓai."
Babana ya taɓa zane ni a kan ƙaryar naira biyar.
Yau ga ni ina ƙirga ta, ina sa hannu a takarda.

Na zare ƙusoshin tsaro masu jan ƙyalle,
na ɗaga masa su gaban fitila, ya gyaɗa kai.
Ya bi ta kan Kaita, ya miƙe arewa,
inda sabara ke ƙarewa, yashi ya karɓa.

Sai jira.
Shayi ya huce a kofi.
Tanimu na jan carbi, yana cewa wai sauro yake kora.

Hantsi ya dawo da shi.
Kowa ya nufi tsani, ni na nufi wutsiya.
Ramuka goma sha ɗaya sun yi baƙi, wayam.
Ashe an auna shi. Ashe an kuskure.
Na zauna a kan kwalta mai zafi, gwiwa ta ƙi ɗauka ta.

Daga zaunen ne na hango fiffike.
Bakwai hagu babu, bakwai dama babu.
Waɗanda ke ƙasa,
wa ya ɗura musu nasu ƙaiƙayin?
Rediyo ya ce maɓoya ce.
Direban da ke kawo mana ruwa ya ce akwai rijiya kusa da wurin,
daga nan ya yi shiru, ya ci gaba da murɗa famfo.

Ban tambaya ba. Ba a tambayar nan da igiya biyu a kafaɗa.

Na wanke hannu da omo, baƙin bai bar farce ba.
Tun azahar wuyana ke ƙaiƙayi.
Inna kan ce yakan koma kan masheƙiya,
shi ya sa take duba iska tukuna.
Ni a nan ban san ina ta dosa ba.

Ƙarfe uku na dare.
Ramuka goma sha ɗaya.
Na ɗauko buroshi.