Dunduniyar da Ta Toshe Ruwa

Ƙarfe biyu na dare a asibitin Tawa.
Wuta ta ɗauke, injin baya ya yi tari ya kama.
Na ɗiga jini a gilashi, na ja shi siriri,
na rina, na jira ya sha iska.
Sunan da ke jikin kwalbar
na san shi tun ba a raɗa shi ba:
Tanimune Sahabi, wata goma sha ɗaya.
Bayana ne ya goya shi.

Ubana albasa yake nomawa a fadamar Tamaske.
Rijiya ɗaya, fangali sittin,
kuma bai taɓa shayar da su lokaci guda ba.
Da dunduniya yake toshe wannan,
da bakin hauya yake buɗe wancan,
ruwa ya bi inda aka ce masa.
Ina ƴar shekara bakwai, ina riƙe masa takalmi.

Sai da na je karatu Yamai
na sake ganin ƙafarsa, cikin ɓargo.
Can wata uwar ƙwaya take zaune, ba suna, ba sana'a,
gonar gado duka tana naɗe a cikinta,
ba a rage ko kunya ɗaya ba.
Sai masu ban-ruwa su iso,
furotin ƙanana, ba ido, ba baki,
kowa ya san gurbin da zai tsaya a kan zaren.
Wani ya buɗe, wani ya danne,
wani ba ya aiki sai ɗan'uwansa na kusa.
Inda ruwa ya bi, can ɗiya za ta nufa:
wannan ta zama fara, mai faɗa da ciwo,
waccan ta farfashe ta zama masu ɗinke rauni.

Ja ita ce ke ba ni tausayi.
Tana girma ana rufe mata fangali bayan fangali,
har ya rage kaɗan, su kuwa a cika su maƙil.
Ranar da ta nuna
sai ta tofar da gonar gaba ɗaya,
ta fita hannu sake kamar ɗan bida mai zuwa Abijan,
dakon numfashi wata huɗu,
ba ta dawowa gida.

Ɗana, a cikina wani jini gare ka.
Wancan ba ya lanƙwasa.
Da shi ka zo, da shi ka yi dariyar fari,
har kakarka Tsahara ta ce ka fi kowa ƙoshi.
Ashe a ɓargonka wata dunduniya na tafe a hankali.
Ta toshe fangalin jarirai,
aka buɗe na manya,
inda ni da ubanka, ba da saninmu ba,
kowa ya ajiye maka iri guda mai gardama.
Wata na bakwai yatsunka suka kumbura.

Na so in zagi wannan furotin, ban sami laifinta ba.
Lokaci ya yi, ta rufe.
Haka take yi wa ɗan kowa.

Yanzu na sa ido a madubi.
Ga lauje, ga lauje, ga wani kamar ƙaya.
Tsakaninsu ƴan kaɗan zagaye lumui,
kamar ba su ji labari ba.
Su nake ƙirgawa, ko da ba a ce in ƙirga ba.

Fangalin nan bai rushe ba, na sani.
Laka ce kawai a bakinsa.
Na ji ana cewa a nesa
akwai masu koyon ɗaga ta.
Nesa ƙwarai. Ban tambayi kuɗin ba.

Sahabi na baranda, ya rufe ka da rigarsa.
Na ɗauki biro, hannuna bai yi rawa ba
sai da na zo kan sunanka.