Hayaƙin Asuba a Narin

Asubar Narin, sanyi ya ci ƙarfe,
numfashina na daskarewa a gashin baki.
Tifa ta kwana da kwal a gadon bayanta.
Na murza makulli, ta yi tari, ta yi tari,
ta tashi kamar wadda aka tasa daga barcin zazzaɓi.
Silo ƙasa-ƙasa, madubi na karkarwa,
kofin shayina na tafiya shi kaɗai a kan dashbod,
salansa kuwa sai aman farin hayaƙi
har karen maƙwabta ya sake wurin kwana.

Sati uku ke nan.
In rana ta ɗaga, inji ya ji ɗumi, sai ta manta,
ta hau tudu tana gurnani kamar ba ita ba.
Na canza nozul shida
da kuɗin da Aizada ta ware wa takalman yara.
Washegari hayaƙi bai ma san an yi ba.

Sai na je wa Toktosun,
tsohon da kunnensa ɗaya ya mutu tun yana soja.
Ya ce kada in kawo ta da hantsi:
"Mai ciwon dare ba a duba shi da azahar.
Bar ta ta kwana a waje. Ni zan zo."

Ya zo, taurari ba su gama kwashe kaya ba.
Bai taɓa sifana ba tukuna,
ya durƙusa bayan salansa, ya shaƙa, ya tofar.
"Da baƙi ne, in ce iska ta yi mata kaɗan.
Da shuɗi ne, baƙin mai take sha, ringi ya gaji.
Fari mai zaƙi-zaƙi a hanci, ruwan lagireto ne,
sai ka fara kuka tun yanzu.
Wannan yaji yake a ido.
Ɗanyen gas ne, ya shiga wuta ya fito bai ƙone ba."

Ya bi hita fulog ɗaya bayan ɗaya
da 'yar waya da ƙwan fitila.
Huɗu suka amsa, biyu shiru.
Na ce, "Alhamdu lillahi, an kama ɓarawo."
Ya ce, "An kama masu gadi suna barci.
Ɓarawon na ciki."

Ya kwance filta, ko mai ya daskare kamar kitsen tunkiya.
A'a, yana gudana.
Sai ya zaro wani tiyo garai-garai daga aljihu,
irin na ƙarin ruwa a asibiti,
ya haɗa tsakanin filta da famfo.
"Tayar."
Muka sa ido, goshi da goshi.
Ga su nan, ƙananan kumfa,
suna bin juna a jere, ba sa ko sauri.

Ya bi layin mai da yatsun da suka tsage,
har ƙarƙashin wani maɗauri mai tsatsa.
Tsaga ce a roba, ko allura sai da dabara.
"Ba ta ɗigar da mai, shi ya sa ba ka gan ta ba.
Iska take sha cikin dare,
mai ya sulale ya koma tanki,
da safe famfo ya tauna wofi."

Faɗin yatsa biyu ya yanke, ya ɗaure.
Fulog biyu sababbi.
Ya ƙi kuɗi: "Sai gobe ta yi shaida."

Gobe ta yi.
Na jira jar fitila ta mutu, na murza.
Tari ɗaya, ɗan hayaƙi kamar numfashin doki,
sai murya ta daidaita.
Kofina ya tsaya inda na ajiye shi.

Na sauke masa buhun kwal biyu a ƙofa.
Tsofaffin nozul shida na nan cikin gwangwani,
lafiyarsu ƙalau,
kuma ban faɗa wa Aizada ba tukuna.