Kwaɗo Dubu Tara da Ɗari Biyar

Ranar Talata, bayan azahar,
a ofishinmu na bayan Ƙofar Ƙaura,
fanka na juyi kamar mai gyangyaɗi,
Tasi'u ya ƙwala mini kira daga ɗaya ɗakin:
"Zo ki ga abin nan naki, ya ƙi."

Abin nawa.
In ya yi aiki na ƙungiya ne,
ranar da ya cije ake tuna sunana.

Kundi ɗaya ne, a cikin tsohuwar kwamfutar Malam Dikko,
mu biyar muke ɗiba a rijiya guda,
kowa da gugarsa, igiyoyi sun bi bango.
Manoma dubu goma sha biyu da 'yan kai,
daga Batagarawa har Rimi,
kowa da buhun takin da aka rubuta masa.

Tasi'u ya so ya sauya farashin duka
da dannawa ɗaya, ya tashi ya kama la'asar.
Allo ya ce masa: an wuce iyakar kullewa.

Na fara da zargin waya.
Na durƙusa ƙarƙashin tebur, na ci karo da takalmin wani,
na zare, na hura, na mayar. Shiru.
Na buɗe ɗan ƙaramin fayil ɗin da ke tsaron ƙofa,
mai riƙe sunan duk wanda ke ciki,
sai ga Larai zaune daram,
alhali tun hantsi tana gidan suna a Rafindaɗi.
Ta tafi da mayafinta, ta bar inuwarta riƙe da ƙofa.

Na ce kowa ya fita.
Malam Dikko ya ce saura layi biyu.
Layi biyunsa ya ci minti ashirin.
Na ajiye kwafi a gefe, don an taɓa cizona,
na share inuwar Larai, muka sake dannawa.
Allo bai sauya magana ba.

Sai na zauna na yi lissafi.
Duk sunan da za a taɓa, sai an rataya masa kwaɗo,
kada wani ya sa hannu a ƙwaryar da ake damawa.
Kwaɗon da aka ba na'urar ƙirgagge ne,
dubu tara da ɗari biyar.
Na bi jeri na ga wanda ya zo bayan sun ƙare:
Ɗanlami Sale, Tsagero, buhu biyu.
Bai san a kansa aiki ya tsaya ba,
yana can, wataƙila, yana duban gabas ko hadari ya haɗu.

Akwai lungun da ake shiga a ƙara adadin.
Tasi'u ya ce, "Sa dubu ɗari biyu, mu huta."
Yatsana ya kai, ya tsaya.
Mahaifina kwaɗo yake sayarwa a babbar kasuwa,
yakan ce wa mai saye da yawa:
"Ƙofa ba ta jin nauyi,
aljihun mai makulli ne ke yagewa."
Na dubi kwamfutar Malam Dikko
da ke nishi ko hoto aka buɗe mata.

Na ƙara kaɗan, daidai wuyanta.
Sauran na yanka shi dubu-dubu:
a kulle, a gyara, a buɗe, a sha iska,
sannan na baya su matso.
Ɗanlami ya wuce a layi na goma, ba wanda ya lura.

La'asar ta tsere wa Tasi'u a jam'i,
ya yi tasa a baranda, yana hararar taga.
Kafin kiran magariba allo ya ce an gama.

Na rubuta a takarda da manyan baƙaƙe:
IN ZA KA FITA, RUFE KUNDI.
Na manna a bango kusa da agogo.

Da safe na tarar da ita a teburin Larai,
ta sha mai,
an naɗo ƙosai a ciki.