Na Shida

Takwas ne a bisa rufina,
allunan da Ilu ya ɗora shekarar da ya sai da gonar Tibiri.
Ƙarƙashin kowane allo da ɗan akwati,
bai wuce tafin hannu da yatsu ba,
shi ke karɓar abin da rana ta zubo
ya juya shi kuran ɗin da firigo ke ci.
Ilu ya ce kowa da tukunyarsa,
in ɗaya ta fashe ba a kwana da yunwa.
Na ce to.
Ni dai ƙanƙara nake sayarwa.

Shekara huɗu ban ɗaga kai ba.
Cikin ta uku Ilu ya rasu,
akwatunan ba su ji labari ba,
ranar sadakar bakwai ma sun yi aikinsu,
masu gaisuwa suka sha ruwa mai sanyi.

Sai bazarar bana,
zafin da ke sa ƙadangare ɗaga ƙafa,
Raha ta miƙo mini salula:
Inna, duba.
Gida takwas a jere, bakwai kore shar,
na shida ya yi launin toka.

Tsahiru ya aro tsani wajen mai fenti,
ya naɗe gwiwoyi da tsumma,
don kwanon rufi ya isa suyar ƙwai.
Ya daɗe can sama yana magana shi kaɗai.
Da ya sauko, ga abin a hannunsa,
zanzaro ya gina ɗaki a gefensa,
yana warin roba da ta sha wuta.
Ya ce, Habsu, zafi ne ya dafa shi,
iska ba ta ratsa wajensa.

Takardar garanti na cikin gwangwanin Ilu,
tare da katinsa da tsohon carbi.
Shekara ashirin da biyar, in ji ta.
Shi kansa Ilu ba a yi masa wannan alkawari ba.
Na tafi babbar kasuwa da ita a ƙulle a zane,
shagon yanzu takalma ake sayarwa,
mai shi ya tafi arewa haƙar zinari,
lambarsa tana shiga, ba mai ɗauka.

Cima ta leƙo ta kan katanga.
Nata babba ne guda ɗaya,
bara da ya mutu kwana goma sha biyu gidanta duhu,
kifin Madarunfa duk ta zubar.
Amma ta ce, ni mutuwa ɗaya na yi wa kuka,
ke bakwai na layi suna jiranki.
Ban ba ta amsa ba,
firigona dai yana gurnani a bayana,
da ƙarfin bakwai, yana ɗingishi, bai tsaya ba.

Sabon ya zo daga Kano ta Ɗan Isa,
cikin akwatin motar wani direba,
bayan kwana goma sha tara da jaka hamsin da biyar.
Ba kamfaninsu ɗaya da sauran ba.
Tsahiru ya ɗaure shi, ya ɗaga allon kamar yatsa biyu
don iska ta samu hanya.
Yana aiki, amma ba ya magana da salula,
gida na shida har gobe toka ne.
Raha ta ce, to ta yaya za mu sani?
Na ce taɓa ƙanƙarar nan,
kafin la'asar ta yi dutse,
jiya war haka ruwa ne cikin leda.

Tsahiru ya nemi mataccen, wai zai ciri wani abu ciki.
Na ba shi, bayan na ɓamɓare ɗakin zanzaron.
Na sayi asusu na ƙasa na ajiye bayan randa,
kowace ƙanƙara goma, kuɗin ɗaya nasa ne.
Ban san wanne zai biyo ba,
Raha tana zaton na biyu, na kusa da bishiyar bedi.